Tallafin Karatun Malaman Gobe: Darasi Daga Baƙar Fatar Amurka



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba ɗan Adam ji da gani da hankali, Ya ɗaukaka shi da ilimi. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu, maza da mata, nasiharmu ta wannan Juma'a a kan malamin makaranta take, da kuma mutumin da ya ɗauki nauyin karatunsa kafin ya zama malami. Misalin da za mu kawo daga nesa yake, daga ƙasar Amurka, wajen baƙar fatar can, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. A can akwai wani tallafin karatu da ake yi wa matasan da suka yi alkawarin za su zama malaman makaranta, musamman 'ya'yan baƙar fata. Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da Amurka, ga tsadar kaya ta sa mu gaba? Ku yi haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, kuma ba a hana Musulmi tsintar hikima a duk inda ya same ta ba.

MUTANEN DA DOKA TA HANA SU KARATU

Daga shekarar 1619 da aka sauke 'yan Afirka a yankin Virginia, har zuwa 1865 da aka soke bauta, baƙar fata suna noma wa wasu taba da shinkafa da auduga da rake ba ladan ko kwabo. Cikin waɗanda aka kwasa akwai Musulmi masu karatu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Umar bin Sa'id, mutumin Futa Toro ta ƙasar Senegal ta yanzu. Shekara 25 ya yi yana neman ilimi kafin a kama shi a sayar da shi a birnin Charleston a 1807. Ya taɓa gudu aka kama shi aka kulle, sai aka ga fursuna yana rubutun Larabci a jikin bango. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, ya buɗe shi da Suratul Mulk. Har yau rubutun yana nan a ajiye a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Ya tsufa ya rasu yana bawa. Malami ne, amma bai samu damar kafa makaranta ba. Ba a yi nisa ba karatun Larabcin da shi da ire-irensa suka je da shi ya ɓace a tsakanin jikokin bayi, domin ilimin da ba a yi masa magaji ba tare da mai shi ake binne shi.

Karatun boko ma ba a bar su sun yi ba. A 1740 hukumar Karolina ta Kudu ta kafa dokar cin tarar fam 100 ga duk wanda ya koya wa bawa rubutu. Bayan boren Nat Turner na 1831 wasu jihohin suka ƙara tsananta irin wannan doka. Dalilinsu a fili yake. Bawan da ya iya rubutu zai iya rubuta wa kansa takardar izinin tafiya, zai karanta jarida ya san cewa akwai masu ƙin bautar da ake masa. Frederick Douglass, wanda daga baya ya zama babban mai yaƙi da bauta, yana yaro matar ubangidansa a birnin Baltimore ta fara koya masa baƙaƙe. Mijin ya hana ta, a gaban yaron, a kan cewa karatu ɓata bawa yake yi. Daga nan yaron ya gane inda mabuɗin yake. Sai ya riƙa ba yaran unguwa burodi suna koya masa karatu a bakin titi, har ya iya.

Jama'a, ku duba fa. Azzalumi ya san darajar malami, shi ya sa ya sa masa tara.

MAI ƊINKI DA ƊAN KASUWA

Da aka 'yanta su a 1865, abin da suka fara nema bayan haɗuwa da iyalansu shi ne makaranta. Kaka da jika a benci ɗaya. Ɗalibai sun yi yawa, malamai sun yi kaɗan. Wannan ya sa makarantunsu da dama suka fara a matsayin wuraren horar da malamai, kamar Tuskegee ta jihar Alabama wadda Booker T. Washington ya buɗe a 1881. Cikin masu koyarwa a wancan zamani har da ɗan ƙasarmu, Muhammad Ali bin Sa'id, haifaffen Kukawa ta Borno. An sace shi yana yaro, aka ƙetare Sahara da shi, ya yi bauta a Tarabulus da Santambul, ya isa Rasha inda aka mayar da shi Kirista aka sa masa suna Nicholas. Ya shiga sojan Arewacin Amurka a 1863, bayan yaƙi ya koyar da 'yantattun bayi a jihohin Kudu, ya kuma buga tarihin rayuwarsa a 1873.

Amma labarin da ya fi dacewa da mu shi ne na Mary McLeod Bethune. An haife ta a 1875 a Karolina ta Kudu, ita ce ta 15 cikin 'ya'ya 17 na iyayen da suka yi bauta. Ta gama 'yar makarantar ƙauyensu, babu kuɗin ci gaba, ta koma gona. Sai wata mata farar fata mai sana'ar ɗinki a birnin Denver, nisan duniya daga garinsu, ta ware wani abu daga kuɗin ɗinkinta ta ce a biya wa yarinya baƙar fata guda ɗaya makaranta. Aka zaɓi Mary. Ta yi karatu ta zama malama. A 1904 ta buɗe makarantarta a garin Daytona na jihar Filorida da dala ɗaya da rabi da 'yan mata biyar, akwatunan kaya su ne teburan karatu. Wannan makaranta ita ce jami'ar Bethune-Cookman ta yau. Matar ta kai ga zama mai ba Shugaba Franklin Roosevelt shawara, kuma tana cikin waɗanda suka kafa asusun tallafa wa kwalejojin baƙar fata a 1944. Duk wannan daga keken ɗinki ɗaya ya faro.

Sai kuma ɗan kasuwa. Julius Rosenwald, Bayahude, shugaban kamfanin Sears, ya haɗa kai da Booker T. Washington tun daga 1912 don gina makarantu a ƙauyukan baƙar fata. Sharaɗinsa shi ne ba zai biya duka ba. Sai mutanen gari sun kawo nasu, ko fili, ko katako, ko ƙarfin jikinsu, ko kuɗin kaji da auduga, hukuma ma ta sa nata. Kafin 1932 an gina makarantu kusan 5,000 a jihohi 15. Da aka yi lissafi, abin da talakawan nan suka tara da kansu ya ɗara abin da attajirin ya bayar. Da yayyafi kogi kan cika.

YADDA MALAMAN SUKA ƁACE

A 1896 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta raba fari da baƙi a wuraren jama'a, aka ce wai za a yi musu daidai. Ba a yi daidai ba. Makarantun baƙar fata su ne masu yoyo, su ne masu tsofaffin littattafan da wasu suka gama da su. Amma suna da abu ɗaya mai daraja, wato malamansu. Malamin a unguwar yake kwana. Ya san uban yaro, ya san uwarsa, ya san ranar da ba a ɗora tukunya a gidansu ba.

Ranar 17 ga Mayu 1954 kotun ta soke wariya a makarantun gwamnati, a shari'ar da ake kira ta Brown. Hukunci ne na adalci, babu shakka. Sai dai wajen aiwatarwa an yi wani zaluncin. A wurare da yawa makarantun baƙar fata aka rufe, aka kwashe yara aka kai makarantun farar fata, aka bar malamansu a waje. An sallami wasu, an rage wa shugabannin makarantu muƙami, domin iyaye farar fata da dama ba su yarda baƙi ya koyar da 'ya'yansu ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa malamai baƙar fata wajen 82,000 ne ke aiki a 1954, kuma sama da 38,000 sun rasa aikinsu a jihohi 17 cikin kimanin shekara goma da suka biyo baya. Yaron da ya ga an kori malaminsa ba da laifi ba, yaya za a yi ya yi sha'awar malanta? Haka sana'ar ta daina zama gado a gidajensu.

Har yau raunin bai warke ba. A makarantun gwamnatin Amurka kusan kashi 80 cikin 100 na malamai farar fata ne, alhali fiye da rabin ɗalibai ba farar fata ba ne. Ɗalibai baƙar fata wajen kashi 15 ne, malamai baƙar fata ba su wuce kashi 7 ba, maza daga cikinsu kuwa ba su wuce kashi 2 ba. Ke nan yaro na iya shiga firamare ya gama sakandare bai taɓa ganin namiji mai kama da mahaifinsa a gaban allo ba.

ME MALAMI NA GIDA YAKE ƘARA WA YARO?

A 2017 wasu masana, cikinsu akwai Seth Gershenson da Nicholas Papageorge, sun fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan ɗalibai baƙar fata sama da 100,000 a jihar Karolina ta Arewa. Sun gano cewa yaro namiji ɗan gidan talakawa, idan ya samu malami baƙar fata ko da guda ɗaya tsakanin aji uku da aji biyar na firamare, hatsarin ya bar sakandare bai gama ba yana raguwa da kashi 39 cikin 100. Malami ɗaya, shekara ɗaya, amma tasirin yana bin yaro har girmansa.

Me ya kawo haka? Ai ba launin fata ne ke koyar da lissafi ba. Abin da ke faruwa shi ne, na farko, yaro yana gani da idonsa cewa irinsa ma na iya zama mai ilimi. Na biyu, malamin da ya fito daga irin gidan da yaron ya fito ya fi yi masa kyakkyawan zato, ya fi sa masa ran zai kai wani wuri. Na uku, ya fi gane bambancin yaro mai taurin kai da yaron da yunwa ko tsoro ke damunsa, don haka ba ya saurin korarsa daga aji. Na huɗu, iyaye sun fi sakin jiki su zo makaranta su yi magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kowa a cikinmu ya ji sunan Malcolm X, wato Alhaji Malik Shabazz. Yana cikin masu ƙoƙari a ajinsu a jihar Mishigan. Wata rana ya gaya wa malaminsa yana son zama lauya. Malamin ya ce masa wannan ba burin da ya dace da baƙar fata ba ne, ya nemi kafinta. Kafinta sana'a ce mai albarka, amma yaron ya gane cewa launinsa aka duba, ba a duba ƙwaƙwalwarsa ba. Daga nan zuciyarsa ta bar makaranta. Ya faɗa yawon banza, ya ƙare a gidan yari, a can ne ya koma karatu da kansa, yana kwafar ƙamus shafi bayan shafi. Allah Ya shirye shi, ya yi aikin Hajji a 1964, a watan Mayu na shekarar ya zo nan Ibadan ya yi lacca a jami'a. Shi Allah Ya tsamo shi. Yara nawa ne irin wannan kalma ta kashe wa zuciya ba su dawo ba? Malamai da iyaye, mu ji tsoron Allah a kan abin da muke furta wa yara.

KU KIRA NI MALAM

To a nan ne tallafin da muke magana ya shigo. Karatun jami'a a Amurka yana da tsada ƙwarai. Mafi yawan 'ya'yan talakawa da bashi suke yin sa, bashi mai ruwa, wanda mutum zai shekara da shekaru yana biya. Albashin malanta kuma bai kai na wasu ayyukan masu digiri ba. Saurayin da ya fito da bashi a wuyansa, ga iyaye da ƙanne suna jiransa, ko yana son koyarwa sai ya nemi wani aikin. Idan aka ɗauke masa kuɗin makaranta, an cire masa wannan tarnaƙi.

Misali sananne shi ne shirin Call Me MISTER, wanda jami'ar Clemson ta Karolina ta Kudu ta fara a shekarar 2000, tare da kwalejojin baƙar fata uku: Claflin da Benedict da Morris. A lokacin, maza baƙar fata ba su kai kashi 1 cikin 100 na malaman firamaren jihar ba. Ma'anar sunan da Hausa kamar a ce, ku kira ni Malam. Sunan yana da tarihi, domin a zamanin wariya dattijo mai furfura ma "yaro" ake ce masa, ba a haɗa sunansa da kalmar girmamawa. Wannan jiha da ta taɓa cin tarar mai koya wa bawa rubutu, yau ita ce ke biyan kuɗi don jikan bawa ya zama malami. Allah mai yadda Ya so.

Abubuwa huɗu shirin ya tsaya a kansu, kuma ku riƙe su da kyau. Akwai taimakon kuɗin makaranta. Akwai jagora, babban mutum da ke bibiyar karatun saurayi da halinsa. Akwai tsara, wato ana haɗa su rukuni guda suna karatu tare, wani na riƙe wani. Sannan akwai alkawari: duk shekarar da aka tallafa maka, za ka biya ta da shekarar koyarwa a makarantar gwamnati. Shirin ya bazu zuwa kwalejoji da dama a jihar, wasu jihohin ma sun ɗauka. Sun gane cewa kuɗi kaɗai ba ya fitar da malami, sai an haɗa da kulawa.

WANNAN BA ƘABILANCI BA NE?

Tambaya ce mai kyau, kuma a can ma ana yin ta. Akwai masu cewa duk abin da aka raba ta hanyar duba launi wariya ce, ko da nufin gyara aka yi. Ranar 29 ga Yuni 2023 Kotun Ƙoli ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a ƙarar da aka shigar da jami'ar Harvard da ta Karolina ta Arewa. Tun daga nan masu ba da tallafi da dama suka sauya sharuɗɗansu, suka koma duba talauci, da unguwar da ɗalibi ya fito, da shirinsa na koyarwa a makarantun marasa galihu. Masu goyon bayan tallafin kuma suna cewa ramin da aka haƙa da gangan ba ya cika da kansa.

Mu ga abin da addininmu ya koya mana. A Suratul Hujurat aya ta 13 Allah Ya sanar da mu cewa Ya sanya mu al'ummomi da ƙabilu ne don mu san juna, kuma taƙawa ce ma'aunin daraja a wurinSa. A Suratur Rum aya ta 22 Ya lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyinSa. A huɗubar ban kwana Manzon Allah (S.A.W.) ya soke fifikon Balarabe a kan wanda ba Balarabe ba, da na fari a kan baƙi. Don haka launi ba cancanta ba ne. Malami nagari nagari ne ko daga ina ya fito. A 1960 a birnin New Orleans, wata yarinya baƙar fata 'yar shekara shida, Ruby Bridges, ta shiga makarantar farar fata jami'an tsaro na rakiyarta. Iyaye suka janye 'ya'yansu, malamai suka ƙi ta. Wata malama farar fata, Barbara Henry, ita ta zauna da ita su biyu a aji tana koya mata har shekara ta ƙare. Wa zai ce wannan ba malama ba ce?

Amma kuma a Suratu Ibrahim aya ta 4 an sanar da mu cewa kowane Manzo da harshen mutanensa aka aiko shi, don ya yi musu bayani. A Suratut Tauba aya ta 122 an kwaɗaitar da kowace jama'a ta fitar da wasu daga cikinta su je su fahimci addini, su dawo su karantar da mutanensu. Ke nan al'umma ta fitar da malamai daga cikinta ba ƙabilanci ba ne. Ƙabilanci shi ne a rufe wa wani ƙofa saboda asalinsa. Makarantar da malamanta suka fito daga kowane ɓangare, kowane yaro yana amfana. Ɗan farar fatar da baƙi ya koya wa lissafi, da wuya ya girma yana ganin baƙi ba shi da ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne sanin junan da ayar ta ambata.

MAGABATANMU SUN RIGA KOWA

Bayan yaƙin Badar, fursunonin Ƙuraishawa da suka iya rubutu amma ba su da kuɗin fansa, an ce kowannensu ya koya wa yaran Madina goma rubutu a sake shi. Mushrikai ne, abokan gaba ne, amma an karɓi ilimi daga hannunsu, sannan yaran Madina suka zama marubutan kansu. Aɗa'u bin Abi Rabah baƙi ne, 'yantaccen bawa, amma shi ne mai fatawar Makka a zamaninsa, har Halifa Sulaimanu bin Abdulmalik ya zo da 'ya'yansa ya zauna gabansa yana tambayar hukunce-hukuncen Hajji.

'Yan kasuwa kuwa, ga naku. Imamu Abu Hanifa ɗan kasuwa ne, tufafi yake sayarwa a birnin Kufa. Cikin almajiransa akwai wani yaro talaka, Yaƙubu bin Ibrahim, wanda aka fi sani da Abu Yusuf. An ruwaito cewa mahaifinsa ya janye shi daga karatu don ya nemi abinci. Abu Hanifa ya lura ba ya ganinsa, ya neme shi, ya ba shi dirhami 100, ya ce in sun ƙare ya faɗa masa. Haka ya ci gaba da ɗaukar nauyinsa shekara da shekaru. Wannan yaro shi ya zama alƙalin alƙalai a zamanin Halifa Haruna Rashid. In wannan ba tallafin karatu ba ne, mene ne?

MU FA?

Tarihinmu daban da na baƙar fatar Amurka. Mu ba a kawo mu nan da sarƙa ba, fatauci ya kawo kakanninmu, kuma babu dokar da ta hana mu karatu. Amma mu ma tsiraru ne a cikin wasu. Ɗanmu yana tashi da Hausa a gida, ya shiga aji ɗaya ya tarar da Turanci da Yarabanci. Malaman da ke koya musu maƙwabtanmu ne, da yawansu suna iya ƙoƙarinsu, Allah Ya saka musu. Tambayar ita ce, ina namu? Kowa ya ƙirga da yatsunsa 'ya'yan unguwar nan da ke koyarwa a makarantun da ke kewaye da mu, ya ga ko zai gama hannu biyu.

Su can an kori malamansu ne. Mu kuwa da bakinmu muke korar namu. Yaro in ya yi ƙoƙari sai mu ce likita, ko lauya, ko kwastan. In ya ce malanta yake so, sai a ce ya zaɓi talauci. In bai yi ƙoƙari ba, a ce ya zo shago, ko a saya masa babur. Malamin Islamiyya kuma sai ya bi mu wata biyu yana tambayar kuɗin wata kamar mai bara. Yaranmu suna kallo fa. Yaushe za su yi sha'awar alli?

Shawara ce muke kawowa, ba umarni ba. Takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, karatun shekara uku ce a kwalejin ilimi. Me zai hana 'yan goro su ɗauki ɗalibi ɗaya, 'yan kara su ɗauki ɗaya, 'yan canji ɗaya, masu kayan gwari ɗaya? Iyayenmu mata masu adashi su ɗauki yarinya ɗaya, domin 'ya'yanmu mata sun fi kowa buƙatar malama mace, kamar yadda Nana Asma'u ta riƙa tura jajis ƙauyuka su karantar da mata. A zaɓi yara da cancanta da buƙata, ban da sanayya. A ba kowane ɗaya dattijon da zai riƙa tambayar karatunsa da sallarsa. A rubuta alkawari a gaban shaidu cewa zai dawo ya koyar gwargwadon shekarun da aka biya masa. A riƙa karanta lissafin kuɗin a bainar jama'a don kada zargi ya shigo. Mai shayi da mai yankan farce su ma su kawo abin da ya sawwaƙa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ke son sanin ko zakka na shiga wannan, ya tambayi Malam Liman. Kuma in Allah Ya sa suka fito, ba 'ya'yan Hausawa kaɗai za su koyar ba. Ɗan Bayarabe da ɗan Ibo duk ɗalibansu ne, amana ce a wuyansu.

Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ayyukan mutum suna yankewa da mutuwarsa in ban da uku, wato sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Wanda ya ɗauki nauyin malami, muna fatan ya samu rabo a cikin ukun. Ku yi lissafi irin na kasuwa. Malamin da ke koyar da yara 40 a shekara, in ya yi shekara 30 ya koyar da 1,200. Wace haja ce a shagonka take kawo irin wannan riba, kuma ta ci gaba da shigowa kana cikin kabari? Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Ya Allah Ka jiƙan malamanmu da suka rasu, Ka ƙara wa rayayyu lafiya da wadata. Ya Allah Ka shirya mana zuriya, Ka fitar da malamai masu tsoronKa daga cikinsu. Ka sa albarka a kasuwancinmu, Ka tsare mu daga rowa da ƙabilanci da raina mutane. Ka yaye wa duk wanda ake zalunta saboda launinsa ko harshensa. Ka zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin summa amin.

Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, a kuma kai wa iyayenmu mata a gida. Juma'a mai albarka.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci